Kan Bel Ɗin Da Ba A Sayensa

Ni na fara gani. Kada wani ya zo ya ce muku shi ne, ko matar fasto ce, ko masu zaman shan kofi a gidan mai. Tun Marnie Halvorsen ba ta san tana son Tate Burdette ba, ni Hollis na riga na sani, domin ina kan shinge a zaune na ga yadda ta riƙe masa linzamin doki tana kallon ƙasa. Ban yi boko ba, sunana ma da ƙyar nake zana shi. Amma mutumin da bijimai suka tattake ya tashi, tsawa ta faɗo masa ya karkaɗe wando, igiya ta cinye masa babban yatsa bai fasa cin abincin rana ba, idonsa ba ya kuskure. Duk gabashin Montana an san da haka.

To, ku saurara.

Tate mutum ne da ba a iya yi wa kyauta. Marnie ta saya masa agogo mai tsada a Billings, inda take aikin jinya, ya yi godiya ya jefa shi aljihun mota, wai igiyar zarge za ta kama shi ta tafi da hannunsa. Ta kawo zobe, sai ya nuna mata gurbin yatsana da igiya ta cinye. Ta kawo turare, ya fesa sau ɗaya don ya faranta mata, dokinsa ya yi ta atishawa ya ƙi yarda ya hau. Walat ɗin fatar jimina kuwa har yau yana cikin kwalinsa, shi yana nan da tsohon nasa da ya ɗaure da roba.

Ranar zagayowar haihuwarsa da la'asar Marnie ta same shi a garkensa yana naɗe igiya. Ta miƙa masa wani ƙaramin akwati.

"Buɗe mana, masoyi."

"Marnie, ai mun yi da ke..."

"Wannan daban ne. Ba zai kama igiya ba, doki kuma ba zai yi atishawa ba."

Ya goge hannu a wando ya buɗe. Kan bel ne na azurfa, faɗin tafin hannu, an zagaye shi da zinariya, an sassaƙa sunansa a tsakiya. Maƙerin azurfar garinmu ya zuba duk gwanintarsa a kai. Rana ta haska shi har sai da dokin ya juyo.

Tate ya daɗe yana kallo. Sannan ya rufe akwatin a hankali.

"Mayar masa."

"Me ka ce?"

"Kin fi kowa sani. Kan bel irin wannan ba a sayensa, a fili ake cinsa."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu, in ka ga namiji da faffaɗar azurfa a ƙugu, to ya zubar da gumi a gasa ya ciyo ta. Wanda ya saya ya ɗaura, har yaran da ke buɗe ƙofar shanu sai sun yi masa dariya. Marnie a cikinmu ta tashi, ta sani sarai. Ta dai ɗauka so zai sa a ɗaga mata ƙafa.

"Ban sa an rubuta zakara ba," ta ce. "Sunanka kawai na sa."

"Daga nesa wa yake karatu? Azurfar kawai za a gani."

"To ai ka ci! Kai da Yaya Leif kun ci kambun zarge, garin nan kaf ya gani. Ina naka? Kullum kana yawo da ɗan ƙarfen banza kamar ɗan makaranta."

Fuskarsa ta canza. Leif yayan Marnie ne, kuma abokin gasar Tate tun suna yara: Leif ya zarge ƙahon maraƙi, Tate ya zarge ƙafafun baya. Ba a daɗe da cin kambun nasu ba doki ya faɗi da Leif a wurin atisaye, ya danne shi, bai tashi ba. Dokin kuwa na Tate ne, aro ya ba shi.

"Ya ɓata," in ji Tate.

"Ƙarya kake."

"Na ce ya ɓata."

Hawaye suka cika mata ido. "Ka san irin faɗan da nake yi da Mama a kanka? Da ƙyar ta yarda ka zo cin abinci ranar Lahadi. So nake ka shiga gidanmu kanka a sama, ta kalle ka ta tuna ko kai waye... Ni kuma sau ɗaya, sau ɗaya tak, in ga abin hannuna a jikinka."

"In sai da azurfar saye zan shiga gidanku, gara in tsaya a waje."

"To ka tsaya."

Ta fizge akwatin ta shiga motarta. Bai bi ta ba. Ya dai tsaya da igiya a hannu har ta ɓace masa.

Mahaifiyarta, Arlys, tana kicin tana fere dankali. Mace ce da ta binne miji ta binne ɗa, ta ci gaba da riƙe gonar kiwo ita kaɗai, in ban da ni da nake taimaka mata tun Marnie ba ta yi haƙori ba. Kallo ɗaya ta yi wa akwatin, ta yi wa idon 'yarta.

"Ya dawo da shi ke nan."

"Mama, don Allah..."

"Na agogo ya dawo, na zobe ya dawo. Wata rana ke zai dawo min da ke a kwali."

"Ba haka yake ba."

Arlys ta ajiye wuƙa. Ta nuna kabad ɗin gilashi da ke falo, inda kan bel ɗin Leif yake kwance a kan jan ƙyalle. Duk Asabar sai ta fito da shi ta goge.

"Kin ga wancan? Tare suka ci, iri ɗaya aka ba su. Na ɗana yana nan. Nasa fa? Tun ranar da muka binne yayanki ba a sake ganinsa a ƙugunsa ba. Ko sayarwa ya yi, ko a wata mashaya ya bar shi. Ranar jana'iza ma can baya ya maƙale kamar baƙo, ko akwatin gawar bai kama ba. Na yi ƙoƙari in manta da zancen dokin, Allah ya sani. Amma wanda ya yar da abin da ya haɗa shi da ɗana tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ba zai zauna a kujerar Leif ba."

"Kin ce ya zo Lahadi."

"Ya zo ya ci ya tafi. In kuma kin ce sai shi, ki bi shi. Amma kada ki dawo kina kira na Mama."

Marnie ta san mahaifiyarta ba ta faɗin magana sau biyu. Ta fita ta ƙofar baya, ta zo ɗakin sirdi inda nake ɗinkin linzami. Ta zauna a kan damin ciyawa, akwatin a cinyarta, ta yi kukanta har ta gaji. Na san kukan mace kamar yadda na san hadari, sai ya zuba ya ƙare ake fita.

"Kawu Hollis," ta ce, "me ake saya wa namijin da ba ya son komai?"

"Ba a saya masa."

"To in rabu da shi ke nan? Ko in rabu da Mama? Ita kaɗai ta rage min, ni kaɗai na rage mata."

"Tambayar banza kike yi, 'yar nan. Yi ta kirki."

Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu. Yarinyar tana da kai, ni na koya mata hawan doki.

"Ina kan bel ɗin Tate?"

Shekarun nan duk ina zaune da amsar a aljihu, ba wanda ya tambaye ni. Kowa ya riga ya yanke hukuncinsa, wa zai tambayi tsoho mai yatsa tara? Ni kuma ba na kai hulɗar namiji da mamacinsa kasuwa.

"Yana ƙarƙashin ƙasa," na ce, "a bayan coci."



Na ba ta labari yadda na gani. Ranar jana'iza da safe na riga kowa zuwa coci, saboda gwiwata ba ta son sauri. Ina zaune a lungu, akwatin gawa a buɗe a gaba, sai ga Tate ya shigo. Bai gan ni ba. Ya tsaya a kan Leif, ya ga an sa masa kwat da rigarsa mai kyau, amma ƙugunsa babu komai, domin Arlys ta cire kan bel ɗin ta riƙe, kuma wa zai ga laifin uwa? Sai yaron nan ya kwance bel ɗinsa gaba ɗaya, ya cusa shi ƙarƙashin kwat ɗin, ya ɗora hannun Leif a kai. Na ji ya ce, "Ba za ka tafi haka ba, zakara." Ya fita ya samo igiyar ɗaure ciyawa a motarsa ya ɗaure wando.

"Shi ya sa ya tsaya a baya," na ce. "Ta yaya zai kama akwati a gaban jama'a da igiyar ciyawa a ƙugu?"

Marnie ta dafe bakinta. Ta kalli akwatin cinyarta kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Ni kuma na kai masa na saye... na ce masa ɗan makaranta."

"Kin ce."

Ta miƙe. Na ɗauka wurin Tate za ta, sai na ga ta nufi gida. Na ajiye linzami na bi ta a baya, domin irin wannan ba a ba ni labarinsa.

Arlys ta saurare ta har ƙarshe, hannunta a cikin ruwan dankali. Ta juyo ta harare ni.

"Hollis, in ƙarya ka shirya don ka gyara musu, yau za ka kwashe kayanka."

"Na taɓa yi miki ƙarya, ban da a kan girman kifi?"

Ba ta yi dariya ba.

"Mama," in ji Marnie, "kan bel ɗaya ne a duniya da Tate zai iya ɗaurawa ba tare da kunya ba. Shi ne wanda ya ci. Nasa yana wurin Yaya. Na Yaya kuma..."

"Kada ki ƙarasa."

"Mama..."

"Na ce kada ki ƙarasa. Abin da ya rage min ke nan na ɗana. Kina so in ɗauka in ba mai dokin?"

"Ba saya zan yi ba, ba ƙwata zan yi ba. Roƙo nake."

Arlys ta tsame hannunta, ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Ranar Asabar ta zo ta wuce, ba ta buɗe kabad ba, ba ta goge komai ba. Uwa da 'ya suna wuce juna a falo ba magana. Marnie ta shirya jakarta ta ajiye bayan ƙofa, ta kwance ta, ta sake shiryawa. Ba ta kira Tate ba, shi ma bai kira ba. Ni dai na ci abincina, amma ko ni sai da na ji gidan ya yi min ƙunci.

Lahadi bayan an taso daga coci, sai ga ƙarar mota. Marnie ta leƙa taga. Tate ne, da farar riga a goge, malafarsa a hannu, ɗan ƙarfen banzan nan a ƙugu. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Barka da rana, ranki ya daɗe. Ba abinci na zo ci ba. Na zo in ba Marnie haƙuri ne, in kuma ce miki ba zan raba ki da 'yarki ba. In sai ɗaya za ta zaɓa, ke ce."

"Wa ya ba ka izinin zaɓa min?" in ji Marnie.

"Yi shiru," Arlys ta ce mata. Ta dubi Tate. "Shigo, kana sa min ƙuda a gida."

Ya shigo. Nama da dankali suna kan tebur suna huci, ba wanda ya zauna.

"Ina kan bel ɗinka?"

"Ya ɓata, ranki ya daɗe."

"A ina?"

Ya sunkuyar da kai yana juya malafa.

"Hollis ya ce a coci ya ɓata."

Tate ya juyo ya dube ni. Na ɗaga masa hannuna mai yatsa huɗu. Wuyansa ya yi ja har kunne.

"Gaskiya ne?" in ji Arlys.

"Bai kamata ya tafi ƙugu ba komai ba," ya ce a hankali. "Shi ya fi ni iya jifa. Ni bin bayansa kawai nake."

"Shekarun nan kana ji ina zaginka a gari. Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa, sai ya zama kamar ciniki nake, in ba ki labari ki ba ni yafiya. Dokina ne, ranki ya daɗe. Na san yana tuntuɓe in ƙasa ta jiƙe, na gaya masa, ya yi dariya ya hau. Da ban ba shi ba. Wannan kan bel ba ya goge shi."

Marnie ta riƙe bayan kujera da hannu biyu. Ta san abin da mahaifiyarta za ta faɗa yanzu shi ne zai raba ko ya haɗa, kuma ba sauran abin da ita za ta iya yi.

Arlys ta taka zuwa kabad, ta buɗe gilashin. Ta ɗauko kan bel ɗin da ƙyallensa, ta rungume shi a ƙirji, kafaɗunta na girgiza ba sauti. Ta share fuska da gefen hannu, ta juyo. Ba Tate ta miƙa wa ba. Marnie ta miƙa wa.

"Ke ce mai neman kyautar da zai karɓa. Ungo. In ya dawo da wannan ma, ni da kaina zan kore shi da bindigar babanki."

Marnie ta karɓa, ta zo gaban Tate, hawaye na bin kumatunta.

"Ban saya ba, masoyi. Ko sisi ban biya ba."

Ya ja da baya. "Na Leif ne. Ba zan iya ba."

"Leif yana da naka," in ji Arlys. "Musaya kuka yi, kai ne dai ba ka karɓi naka ba. Ranar da aka ci shi, wa ya kama ƙafafun maraƙin?"

"Ni ne."

"To cinsa ka yi ko saye?"

Ya dubi azurfar. "An rubuta mai kama ƙaho a jiki. Ni mai ƙafa ne..."

Marnie ta yi dariya cikin kuka. "Daga nesa wa yake karatu?"

A nan yaron ya karye. Namijin da bai zubar da hawaye a gaban kowa ba ranar binne abokinsa, ya tsaya a falon Arlys yana kuka kamar yaron goye. Marnie da hannunta ta cire masa ɗan ƙarfen, ta maƙala azurfar a bel ɗin. Azurfar ta zauna daram kamar don shi aka ƙera.

"Ban ce na manta da dokin ba," in ji Arlys. "Kada ka ɗauka na ce. Kuma duk Asabar za ka kawo shi nan, a kan teburin nan za ka goge shi ina kallo."

"To, ranki ya daɗe."

"Ka bar ranki ya daɗen nan, kamar mai karɓar haraji. Zauna, nama ya huce."

Kujera ɗaya ce ba a zama a kanta a gidan, ta Leif. Ya tsaya yana kallonta. Arlys ta sa ƙafa ta turo masa ita.

An ɗaura aurensu da kaka, bayan an sayar da maruƙa. Ni na raka amarya har gaban fasto, da gwiwata da komai, kuma ba a taɓa ganin wanda ya yi rakiya da kyau irin tawa ba. Wancan kan bel na saye, Marnie ta mayar wa maƙeri ya kafa shi a ɗamarar ƙirjin dokin Tate. Doki bai san al'ada ba, har wani taƙama yake da shi. Zoben aure kuwa Tate ya karɓa, amma a sarƙa yake rataye da shi cikin riga, don har yanzu yana son yatsunsa.

Na ji wasu a gidan mai suna cewa wai ƙara gishiri nake, wai Arlys ce ta gano da kanta. To, filin gasa yana nan, ba a ɗauke shi ba. Ku je ranar wasa ku tsaya bakin shinge, in Tate ya zo wucewa ku matsa kusa ku karanta abin da ke ƙugunsa, tunda ku kun yi boko. Wanda ya karanta ya dawo yana musu, ya same ni a ɗakin sirdi ya faɗa a gabana. Yatsa tara gare ni, kuma ban taɓa buƙatar na goman ba.